Mai Tsaron Bayan da Miya Ta Kayar

Ƙwai na farko a kafaɗa ya same shi, na biyu a tsakiyar goshi, na uku kuwa wata tsohuwa ce ta tako har gabansa tana dogara sanda, ta ce ya sunkuyo don hannunta ba ya kaiwa. Pyo Man-sik ya sunkuya, tunda ta girme shi. Ta fasa masa ƙwan a tsakar ka, ta goge hannunta da rigarsa, ya ce mata ya gode. Haka filin jirgin sama na Koriya ya tarbi mai tsaron bayan ƙungiyar ƙasa, ƙato mai kafaɗa kamar ƙofar gareji, yana tsaye gwaiduwa na bin kuncinsa tana haɗuwa da hawaye, mutane sun fi dubu suna buga cokula a kwanuka suna kiran "Mai Miya, Mai Miya..." Allah sarki maraya. Laifinsa a wurinsu guda ɗaya ne: ya sha miya ranar da bai kamata ba.

Asalin maganar daga tsibirinsu na kudu ta taso. Man-sik bai san ubansa ba, teku ta cinye shi da kwale-kwalensa. Uwarsa Ok-bun, mai nutso ce tana tsinko ganyen teku, ita ma ta bi mijinta yaron yana da shekara huɗu. Sai ya faɗa hannun baffansa, wanda ba shi da ta cewa a gidansa, da matar baffan, Inna Mal-ja, wadda ta cewar gidan duka tata ce. Ɗansu ɗaya, Tae-bong. Kwana goma sha ɗaya kacal ya ba Man-sik, amma sabuwar shekara ta ratsa tsakanin haihuwarsu, don haka a lissafin shekaru na ƙasarsu ya zama Yaya na shekara guda cur. Kwana goma sha ɗayan nan su Man-sik ya yi ta biya tsawon rayuwarsa. Shi ne ɗaukar jakar Yaya, shi ne wanke safar Yaya, in zai miƙa masa ruwa da hannu biyu, in Yaya ya fasa gilashin maƙwabta shi ne zuwa ya rusuna ya ba da haƙuri. Ranar haihuwar Tae-bong duk shekara tukunyar miyar ganyen teku sai ta cika da naman sa, kamar yadda ake wa kowane ɗa don ya tuna wahalar uwarsa. Bayan kwana goma sha ɗaya, ranar ta Man-sik, Inna Mal-ja sai ta dube shi ta ce, "Kai wa za ka tuna? Tafi ka shanya ganye." Ya tafi bakin teku cikin sanyin da ke tsaga fata, yana shanya wa mutane abin miyar 'ya'yansu, yana kuka a hankali don kada ya dami kowa.

Ƙwallo ce ta fitar da su daga tsibirin, su biyun, kuma dukansu a baya. Kulob ɗin wani kamfanin ƙera jiragen ruwa ya ɗauke su tare, suka yi shekara shida kafaɗa da kafaɗa a gaban mai tsaron raga. Rabon aikin a bayyane yake. Tae-bong shi ne nuna yatsa, ɗaga hannu wa alƙalin wasa, da gyaran gashi in an juyo da kyamara. Man-sik shi ne sa kai inda wasu ke tsoron sa ƙafa. Hancinsa ya karye sau uku, har ya daina sanin inda ya dosa. In an tashi babu wanda ya ci su, jarida ta ce Tae-bong ya iya tsara baya. In an ci su, Tae-bong ya dafa kafaɗar Man-sik a gaban 'yan jarida ya ce, "Yaro ne, yana koyo." Da aka kira su ƙungiyar ƙasa Man-sik bai gaya wa kowa daɗin da ya ji ba. Takalminsa kawai ya ɗauka, mai dogayen haƙoran ƙarfe na filin da ya jiƙe, ya ɗaga shimfiɗar ciki ya yi ɗan rubutu da alƙalami, ya mayar ya rufe.

Gasar nahiya ta kai su wata ƙasa mai zafi, suka kai wasan da in an faɗi sai gida. Aka ce wani Bature mai farautar 'yan wasa zai zo kallo, kuma ɗan baya ɗaya yake so, ba biyu ba. Ranar wasan kuma ta faɗo daidai ranar haihuwar Man-sik, shekara ashirin da shida.

Da hantsi aka ce ana sallama da shi a ƙasan otal. Yana saukowa ya ga Inna Mal-ja, wadda ta biyo jirgi don kallon ɗanta, rungume da flas kamar jariri.

"Ɗana," in ji ta.

Man-sik ya waiwaya ya ga ko Tae-bong na bayansa. Yana nan kuwa, da waya a hannu.

"Kai nake nufi, Man-sik. Zauna. Yau ranarka ce."

Ta buɗe flas, ƙamshin man riɗi da naman sa ya tashi, ganyen teku yana ta yauƙi a ludayi. To, ko yaron goye a Koriya ya san ba a shan miyar nan ranar jarrabawa ko ranar gasa. Abu mai santsi ne, wanda ya sha zamewa zai yi. Man-sik ma ya sani.

"Inna, yau akwai wasa..."

"Wato hannuna ne ba ka so. Awa uku ina tsaye a kan 'yar tukunyar lantarki a ɗakin otal, har ƙararrawar gobara ta tashi. Ba komai. Da uwarka ce ta dafa ai da ka sha."

"Babba ya miƙo maka abinci kana kallonsa?" in ji Tae-bong. "Haka na koya maka?"

Man-sik ya karɓa da hannu biyu. Cokali na farko yana shiga bakinsa sai idanunsa suka ɓalle. Shekara ashirin da biyu rabon da wani ya tuna an haife shi. Ya sha yana kuka, ya yi kuka yana sha, ya ƙara kwano na biyu, ya suɗe ƙasan flas ɗin. Bai lura da wayar Yaya da ta ɗan yi ƙyas ba.

Sai dai uwa da ɗa ba aƙidarsu ɗaya ba. Uwar ta yarda da miya, ɗan kuwa ya yarda da takalmi. Saura rabin awa a fara wasa sama ta ɓarke da ruwa, filin ya koma kamar gonar shinkafa. Kowa ya jawo takalminsa mai dogayen haƙora. Tae-bong ya zuge jakarsa, babu komai ciki sai man gashi kala huɗu da takalmin rani mai guntayen haƙoran roba. Ya zauna kusa da Man-sik, ya yi ƙasa da murya.

"Ƙafarmu ɗaya, ko?"

"Ɗaya ce, Yaya."

"To cire."

Man-sik ya dubi takalminsa, ya dubi ruwan da ke zuba. Da zai je wurin mai kula da kaya ya nemi wani, sai an tambayi ina nasa, in an tambaya kuma sai mantuwar Yaya ta fito fili a gaban koci. Ƙarami ba ya kunyata babba. Ya kwance igiya, ya miƙa da hannu biyu, ya sa na robar.

Minti tamanin da takwas ya yi yana tsaye da ƙarfin yatsun ƙafa da addu'a. Ya tare da kai, ya tare da ƙirji, sau ɗaya har da hancin nan da ya riga ya saba. A minti na tamanin da tara aka jefo doguwar ƙwallo, Tae-bong ya ɗaga hannu yana neman satar gida da babu ita, ɗan gaban abokan karawa ya wuce shi. Man-sik ya juya zai bi, ƙafafunsa biyu suka yi sama, ya sauka a kan mazaunansa, ya tafi suuu kamar tire a kan tebur har sai da allon talla ya tsayar da shi. Ɗaya da nema. Kafin jirginsu ya sauka gida hoton nan ya riga su isa: Man-sik da kwano a baki, ganyen teku na reto a haɓarsa.

A filin jirgin, bayan ƙwai ya ƙare, Tae-bong ya fito gaban kyamarori da jajayen idanu, ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa. Ya ce, "Ku yafe wa ƙanena. Laifina ne da ban iya tarbiyyarsa ba." Ƙasa ta ɗauki kuka. Bature ya tafi da shi Turai, inda ya yi wata shida yana ɗumama benci, ya dawo da sabon aski da kalmomi uku na yarensu, aka ba shi kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasa saboda gogewa. Har aka sa musu rana shi da 'yar shugaban kulob ɗinsu, Hye-rin.

Man-sik kuwa masifa ta riƙa zuwa masa a jere kamar masu gaisuwar mutuwa. Ƙungiyar ƙasa ta cire sunansa. Kulob ya sallame shi ta takarda. Mai gidan haya ta ce ya tashi, don ɗanta zai rubuta jarrabawar shiga jami'a kuma ba ta son santsi a bene. Ya kira Inna Mal-ja don ya gaishe ta, ta ce lambar kuskure ce. Ƙarshe wani kulob na rukuni na uku a cikin duwatsu, inda gonakin kabeji suka kewaye fili, ya karɓe shi saboda ba su da mai tsayin da zai iya canza ƙwan fitilar ɗakin sa kaya. 'Yan kallo ba sa wuce arba'in, amma duk garin da suka je wasa sai an zo da kwano da cokali. Ya taɓa ƙwallo, a kaɗa. Ya tsaya ɗaure igiyar takalmi, a kaɗa. Shekara uku yana haka, bai buɗe baki ya ce uffan ba. Duk kaka yakan je kabarin uwarsa ya yanke ciyawa, ya rusuna sau biyu ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, na ɓata miki suna, na ɓata wa ganyenki suna. Allah dai yana gani..."

Mutum ɗaya ce ba ta yarda da labarin ba, Kaka Sim, mai dafa wa kulob ɗin abinci, tsohuwa 'yar guntuwa mai bakin da ya fi wuƙarta kaifi.

"Kai dogon banza, zo ɓare min tafarnuwa," takan ce. "Shekara saba'in ina shan miyar nan, ranar aurena ma na sha, ban zame ba. Da na zame da na huta. Gaya min gaskiya, me ya kayar da kai?"

"Ƙaddara ce, Kaka."

"Ƙaddara mai lamba nawa? Ni fa na ga hoton ƙafarka."

Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɓare tafarnuwa, hawaye na ɗiga, ta ce masa tafarnuwa ba albasa ba ce, ya nemi wata hujjar.

Wata Lahadi da rana suna zaune su biyun a ɗakin cin abinci, talabijin na nuna gwanjon taimakon marayu kai tsaye. Manyan mutane suna kawo kayansu masu tarihi a saya. Sai ga kyaftin Tae-bong cikin farar kwat, Hye-rin a gefensa, Inna Mal-ja a layin gaba da gashi an naɗe shi tsaf. Ya kawo takalmi cikin akwatin gilashi: wanda ya sa ranar da ya yi wa ƙasa kuka. Mai gabatar da shirin, wani mai barkwanci, ya ciro takalmin ya shinshina, ya yi kamar zai suma, takalmin ya suɓuce ya faɗi, shimfiɗar ciki ta fito. Ya sunkuya zai mayar, sai ya tsaya.

"A'a, har da saƙo. Kyamara, matso." Ya karanta a hankali, yana jan kowace kalma: "Ok-bun, duk inda na taka, ke nake tunawa."

Tafarnuwar ta faɗi daga hannun Man-sik. A talabijin kuwa, Hye-rin ta juyo da murmushin nan da maza masu hankali suke tsoro.

"Wace ce Ok-bun?"

"Ban san ta ba," in ji Tae-bong.

"Ba ka san ta ba, kake taka ta a ƙafa shekara uku? Ni ko a tafin hannu ba ka taɓa rubuta sunana ba."

"Masoyiyata, bari mu je gida..."

"Nan za mu yi ta. Mawaƙiya ce? 'Yar Turai ce? Baba yana kallo, ka sani."

Gumi ya fara narkar da man gashi yana gangarowa ta bayan kunnen kyaftin. Ya dubi ƙasa baki ɗaya ta cikin kyamara, ya dubi 'yar shugaban kulob, ya auna wanda ya fi kusa da wuyansa.

"Takalmin ba nawa ba ne. Na Man-sik ne. Aro na yi."

Mai barkwancin ya daina dariya. Ya juya takalmin ya nuna dogayen haƙoransa na ƙarfe. Ya ce, "In kai ka sa wannan a cikin ruwan nan, shi Man-sik me ya sa?"

Nan ne Inna Mal-ja ta ga za a hallaka mata ɗa a kan takalmi, ta miƙe ta fizge abin magana daga hannun wata ma'aikaciya.

"Ku bar min yaro. Ok-bun uwar wancan marayan ce, ta daɗe a ƙasa. Kuma wane takalmi? Takalmi ba ya kayar da kowa. Miyata ce ta kayar da shi. Ni na dafa ta da hannuna, awa uku, na zaɓo ganyen da ya fi kowanne yauƙi a tsibirinmu, ya sha kwano biyu. Tae-bong hoto kawai ya ɗauka."

Ta zauna tana huci, tana jiran tafi.

Kaka Sim ta kashe talabijin, ta dubi ƙaton da ke gabanta yana sheshsheƙa. Ta ce, "To, ga lambar ƙaddararka ta fito." Shi kuwa abin da ya iya cewa kawai, "Wayyo Yaya, yanzu ya zai yi..." Ta buga masa ludayi a ka.

Kafin yamma an zaƙulo tsohon faifan wasan, an faɗaɗa ƙafar Man-sik har ta cika allo, guntayen haƙoran roba a fili. Ƙasar da ta yi jifa ta koma rusunawa. Kwanduna na ƙwai suka riƙa isowa garin kabeji, dafaffe wannan karon, da wasiƙun ban haƙuri. Tsohuwar nan mai sanda ta hawo mota tun daga birni, ta sake cewa ya sunkuyo. Ya rufe ido ya sunkuya, ta shafa masa kai. Tae-bong ya rasa kyaftin, ya rasa kulob, Hye-rin ta mayar masa da zobe a cikin akwatin gilashin nan. Ya koma tsibiri yana shanya ganye ƙarƙashin kulawar uwarsa, wadda maƙwabta suka daina karɓar ko ruwa daga hannunta.

Shekara ta zagayo, gasar nahiya ta dawo, sunan Pyo Man-sik yana cikin jerin, yana da shekara talatin. Wasan farko ya faɗo ranar haihuwarsa, kuma tun asuba ake ruwa. Kaka Sim, da aka saya wa tikitin jirgi na farko a rayuwarta, ta shigo ɗakin cin abincin 'yan wasa da flas. Koci ya dafe ƙirji. Man-sik ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta uwata ce. Ba zan ƙara barinta ba." Ya shanye a gaban kowa. Ana saura minti biyu a tashi, suna gaba da ci ɗaya, ɗan gaban abokan karawa ya tsere, daga shi sai mai tsaron raga. Man-sik ya biyo shi, ya zube a kan ciyawa, ya tafi suuu a kan mazaunan nan dai, miliyoyin mutane suka rufe ido. Da suka buɗe, ƙwallo tana waje, ɗan gaban yana neman ta, Man-sik yana tashi yana kaɗe laka. Wannan zamewar shi ya zaɓe ta. 'Yan kallo suka fito da kwanukansu suka yi ta kaɗawa, sunan da aka yi don zagi ya koma kirari.

Bayan gasa ya je tsibiri gaida uwarsa. Yana durƙushe gaban kabarin ya ji taku a bayansa. Tae-bong ne, rana ta ƙona shi, gashi ya kwanta, yana riƙe da takalmin nan da hannu biyu, kai a sunkuye. Inna Mal-ja tana can baya, ta kasa matsowa.

"Karɓi kayanka," in ji Tae-bong.

"Yaya, ɗago kanka, mutane za su gani."

Ya karɓi takalmin ya ajiye a gaban kabarin, ya gyara shimfiɗar yadda sunan zai kalli sama. Sannan ya taka har wurin tsohuwar, ya rusuna mata.

"Inna, tun ranar ban samu na yi miki godiya ba. Ko da me kika dafa ta, ke kika fara dafa min. Ta yi daɗi. Gishiri ne kawai ya ɗan yi yawa."

Inna Mal-ja, da ta shirya wa zagi, ta ɗago a fusace duk da hawayen da ke idonta. "Ni? Shekara arba'in ina girki, ban taɓa cika gishiri ba."

Man-sik ya tuna yadda ya sunkuya a kan kwanon nan ranar, hawayensa na zuba a cikin miyar.

"Gaskiyarki, Inna," ya ce. "Ashe nawa ne."